Sabunta tsarin gashin ciwon dajin kai da wuya

Sabunta tsarin gashi hanya ce ta jinyar ciwon daji inda likitoci ke sake duba tsarin gashin da aka shirya wa majinyaci, su gyara shi a tsakiyar jinya domin ya dace da yadda jikinsa ya sauya. An fi buƙatarta a ciwon dajin kai da wuya, domin gashin wannan sashe yakan ɗauki mako shida zuwa bakwai, kuma a cikin wannan lokaci ƙarin yakan motse, majinyaci ya rame, gaɓoɓin da ake son karewa su gusa daga inda suke a ranar farko. Ginshiƙin aikin shi ne daidaita hotunan asibiti, wato a yi amfani da kwamfuta a ɗora sabon hoton cikin jiki a kan tsohon hoto, har kowane ɗigo na wannan ya hau kan takwaransa na wancan.

Kalmar gashi a nan daga gasawa ta samo asali, kuma ita ce aka saba ji a asibitocin ƙasar Hausa. Sai dai ba wuta ko zafi ake sa wa majinyaci ba. Haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin hasken hoton ƙashi, yake ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halittar ciwon. Majinyaci ba ya jin komai a lokacin da injin ke aiki.

Ciwon dajin kai da wuya

Wannan suna ya ƙunshi ciwon dajin da ke tasowa a leɓe, harshe, dasashi, ganda, cikin hanci da kogunan da ke kewaye da shi, bayan hanci, maƙoshi, maƙogwaro da maɓuɓɓugan yawu. Ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba ya cikin wannan rukuni. Kimanin kashi 90 cikin 100 suna farawa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki da maƙoshi. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta nuna ana samun sababbin masu ciwon kusan 900,000 a shekara, kuma kimanin rabin wannan adadi ne ke rasuwa.

Manyan abubuwan da ke jawo shi su ne taba, ta busawa ko ta taunawa, da barasa. Ƙwayar cutar HPV tana da hannu a ciwon dajin tsakiyar maƙoshi, ita kuma ƙwayar cutar EBV a na bayan hanci. Ciwon dajin bayan hanci da na maƙogwaro suna cikin waɗanda aka fi gani a asibitocin koyarwa na arewacin Najeriya. Alamominsa sun haɗa da kaluluwar wuya da ba ta da zafi kuma ba ta sacewa, dushewar murya ta makonni, gyambon baki da ya ƙi warkewa, toshewar hanci gefe guda tare da haɓo, da wahalar haɗiya.

Ana jinyarsa da tiyata, ko gashi, ko allurar kansa, ko a haɗa biyu ko duka ukun. A ciwon bayan hanci gashi ne babban magani, saboda wurin yana can ƙarƙashin ƙoƙon kai inda wuƙar likita ba ta kaiwa cikin sauƙi. Idan ciwon ya yi nisa akan haɗa gashin da maganin sisfilatin.

Yadda ake shirya gashi

Kafin a fara gashi ana yi wa majinyaci takunkumin roba. Ana jiƙa robar a ruwan ɗumi har ta yi laushi, a shimfiɗa ta a fuska da wuya da kafaɗu, ta bushe da siffar mutumin. Da wannan takunkumi ake ɗaure shi a gado kullum, domin kansa ya zauna wuri ɗaya. Daga nan a ɗauki hoton CT yana sanye da takunkumin, a kan gado shimfiɗaɗɗe irin na ɗakin gashi. Wannan shi ne hoton tsari.

A kan hoton tsari likitan gashi yake zana iyakokin ƙarin da ake gani, sannan ya zana wuraren da ake zaton ciwon ya ɓuya a cikinsu, kamar kaluluwar wuya. A ƙarshe a ƙara tazarar milimita 3 zuwa 5 a kewaye saboda ɗan motsin da ba a rasawa. Haka kuma yana zana gaɓoɓin da ake son karewa. Masanin fiziks na asibiti kuma shi ke lissafa ta inda hasken zai shiga da ƙarfin da zai shiga da shi.

Ana auna hasken da jiki ya sha da ma'aunin Gire, wanda ake taƙaitawa Gy. Tsarin da aka fi sani shi ne Gy 70 a zama 35, wato Gy 2 kowace rana, kwana biyar a mako, har mako bakwai. Gaɓoɓin da ke maƙwabtaka da ƙarin ba sa jure wannan adadi. Laka, wadda ta bi ta cikin ƙashin wuya, ba a so ta wuce Gy 45 zuwa 50. Gindin ƙwaƙwalwa iyakarsa kimanin Gy 54. Maɓuɓɓugar yawu ta farotid, wadda ke gaban kunne kuma ita ce ke kumbura idan yaro ya yi hangum, ana so matsakaicin abin da ta sha ya tsaya ƙasa da Gy 26, in ba haka ba bakin mutum na iya bushewa har ƙarshen rayuwarsa.

Injinan zamani da ake kira linak suna da siraran ganyayyakin ƙarfe masu motsi da ke sassaƙa hasken daidai siffar ƙarin. Da su ake yin gashi mai sarrafa ƙarfin haske, wanda aka sani da IMRT. A irin wannan tsari, tsakanin wurin da ke shan Gy 70 da wurin da ke shan rabinsa bai fi 'yan milimitoci ba. Wannan kaifi shi ke kare gaɓoɓi, kuma shi ne ke sa ƙaramin sauyi a jiki ya zama babbar matsala.

Abin da ke sauyawa a jiki

Tsarin gashi gaba ɗaya ya dogara ne a kan hoto guda da aka ɗauka kafin zama na farko. Jikin da ke kwanciya a gado a mako na huɗu kuwa sau da yawa ya bambanta da na hoton.

Na farko, ƙarin da kaluluwar suna motsewa. A shekarar 2004 masu bincike a cibiyar MD Anderson da ke Hustan a Amurka, ƙarƙashin Jerry Barker, sun riƙa ɗaukar hoton CT na majinyata 14 sau uku a mako. Sun gano cewa ƙarin yana raguwa da kimanin kashi 1.8 cikin 100 a kowace ranar gashi, kuma zuwa ranar ƙarshe ya rasa kusan kashi 70 cikin 100 na girmansa. Maɓuɓɓugan farotid su ma sun ƙanƙance, sun kuma gusa zuwa tsakiyar kai da kimanin milimita 3, wato sun matsa cikin wurin da hasken ya fi ƙarfi.

Na biyu, majinyaci yana ramewa. Daga mako na biyu ko na uku baki da maƙoshi sukan yi gyambo, ɗanɗano ya gushe, haɗiya ta yi zafi. Idan wuya ya sirance, takunkumin yakan yi masa yawa, kai ya samu wurin motsi. Ban da haka, naman da hasken ke ratsawa kafin ya isa ciki ya ragu. A hasken linak da aka saba amfani da shi, raguwar santimita ɗaya na nama tana ƙara abin da ke isa ciki da kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100. Idan laka tana dab da iyakarta tun farko, wannan ƙari kaɗai ya isa ya tsallakar da ita.

Akwai kuma sauye-sauyen da ba su bi wannan hanya ba. Kumburin bayan tiyata yakan sace a hankali. Kogon hanci da ya cika da majina ranar hoto yana iya buɗewa daga baya, kuma haske ya fi saurin ratsa iska fiye da ruwa. A wasu majinyatan ƙarin girma yake yi tsakanin ranar hoton tsari da ranar fara gashi, musamman idan jiran ya yi tsawo. A nan haɗarin shi ne wani gefe na ciwon ya fita daga inda hasken ke sauka.

Daidaita hotuna

Hoton CT tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera a tsawo da faɗi da zurfi, kowane ɗigo da lambar da ke nuna kaurin abin da ke wurin: iska baƙa, ƙashi fari, nama tsakanin biyun. Daidaita hotuna shi ne nemo lissafin da zai kai kowane ɗigo na hoto ɗaya zuwa wurin da ya dace da shi a ɗaya hoton. Ana ɗaukar hoto guda a matsayin tsayayye, ɗayan kuma ana matsar da shi har su dace.

Daidaitawa marar lanƙwasa. A wannan nau'i ana ɗaukar hoton kamar dutse, ana iya tura shi ko juya shi amma siffarsa ba ta canjawa. Motsi shida kawai ake da su: turawa gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, sai juyawa ta fuskoki uku. Ita ake amfani da ita kullum a ɗakin gashi. Yawancin linak na zamani suna da na'urar hoto a jikinsu mai suna CBCT, wadda ke zagaya majinyaci ta ɗauki hotonsa yana kwance. Ana daidaita wannan hoto da hoton tsari bisa ƙasusuwa, sannan a gyara zaman gadon. Ƙoƙon kai yana dacewa da wannan hanya sosai. Wuya kuwa yana da gaɓoɓin ƙashi bakwai masu lanƙwasa, muƙamuƙi da kafaɗu kuma kowanne da nasa motsi, shi ya sa wani lokaci idan sama ta dace ƙasa sai ta kauce.

Daidaitawa mai lanƙwasa. A nan ana ɗaukar hoton kamar ƙullin fulawa, kowane ɗigo yana iya motsawa ta tasa fuskar. Sakamakon shi ne taswirar kibiyoyi, kibiya ɗaya ga kowane ɗigo, tana nuna inda ya koma da nisan da ya yi. Wata sananniyar dabara ita ce a shimfiɗa raga ta lissafi a kan hoton, a riƙa jan mahaɗan ragar, sauran hoton yana bin su a hankali. Daniel Rueckert da abokan aikinsa a Landan suka bayyana ta a 1999. Wata kuma ita ce ta Jean-Philippe Thirion na Faransa ta 1998, wadda ke tura kowane ɗigo bisa bambancin haskensa da na takwaransa. A 'yan shekarun nan ana horar da ƙirƙirarriyar basira ta yi wannan aiki cikin daƙiƙoƙi.

Kowace dabara tana buƙatar ma'aunin da zai gaya wa kwamfuta ko hotunan sun ƙara dacewa. Idan duka biyun CT ne, ana iya kwatanta lambobin ɗigo kai tsaye. Idan ɗaya CT ne ɗaya MRI, hakan ba zai yiwu ba, domin ƙashin da ya fito fari a CT baƙi yake fitowa a MRI. Sai a koma ga ma'aunin da ke duba yadda sanin hasken ɗigo a hoto ɗaya ke taimakawa wajen hasashen haskensa a ɗayan. Rukunin masana biyu, ɗaya a jami'ar MIT ta Amurka ɗaya a jami'ar Luben ta Beljiyam, suka kawo wannan ma'auni a tsakiyar shekarun 1990. Ana kuma sa wa lissafin linzami domin kada ya yaga nama ko ya naɗe shi ta hanyar da jiki ba ya yi.

Daidaitawa mai lanƙwasa tana da amfani uku a sabunta tsari. Tana ɗauko zanen gaɓoɓi daga tsohon hoto zuwa sabo, ta rage wa likita aikin sa'o'i. Tana lanƙwasa hoton tsari ya ɗauki siffar hoton CBCT, domin lambobin CBCT ba su da ingancin da za a lissafa haske da su kai tsaye. Sannan tana tara abin da kowace gaɓa ta sha a ranaku daban-daban a kan hoto ɗaya, a san jimillar da ta riga ta shiga.

Matakan sabunta tsari

Mataki na farko shi ne lura. Ana auna nauyin majinyaci kowane mako, ma'aikatan ɗakin gashi kuma suna duba zaman takunkumi da hotunan CBCT. Kowace cibiya tana da alamomin da ta ajiye: raguwar nauyi da ta kai kashi 5 zuwa 10 cikin 100, takunkumin da ya saki, ko fatar wuya da ta ja baya da wasu milimitoci daga inda take a hoton tsari. Wasu cibiyoyin ba sa jiran alama, suna sake hoto ga kowa a mako na uku ko na huɗu.

Mataki na biyu shi ne awo. Ana ɗora tsohon tsari a kan sabuwar siffar jiki a sake lissafi. Idan ƙarin yana samun cikakken rabonsa kuma gaɓoɓi ba su tsallake iyaka ba, ana ci gaba da tsohon tsari. Ba duk wanda ya rame ne yake buƙatar sabon tsari ba.

Idan lissafin ya nuna matsala, ana yin sabon takunkumi in da buƙata, a ɗauki sabon CT, a daidaita shi da tsohon, a ɗauko zane. Likita yana bin zanen yanka bayan yanka yana gyarawa. Masanin fiziks yana shirya sabon tsari na zaman da suka rage, yana la'akari da abin da aka riga aka bayar, sannan a gwada tsarin a kan na'urar awo kafin ya hau kan mutum. Wannan yakan ɗauki 'yan kwanaki. A mafi yawan lokuta ana ci gaba da gashi da tsohon tsari har sabon ya kammala, domin tsayar da gashi yana da nasa haɗari: a ciwon dajin kai da wuya, kowace ranar da aka ƙara a kan wa'adin jinya tana rage damar shawo kan ciwon da kimanin kashi 1 cikin 100.

Akwai kuma sabuntawa ta nan take, inda ake ɗaukar hoto, a gyara zane, a sake tsari duk majinyaci yana kwance a gado. Injinan da suka haɗa linak da MRI, da injin Ethos na kamfanin Varian, don wannan aka ƙera su.

Kurakurai da tabbatar da inganci

Kwamfuta tana dacewa da haske da duhu ne, ba ta san gaɓa ba. Hotuna biyu suna iya hawa juna tsaf a ido alhali kibiyoyin da ke ciki sun kauce. An fi samun haka a cikin nama mai launi ɗaya, inda babu alamar da lissafi zai kama. Ƙarfen cikon haƙori yana watsa zane-zane a hoton CT, su ma suna ruɗar da shi.

Matsala mafi girma ita ce naman da ya ɓace. Lissafin yana ɗauka cewa kowane ɗigo na tsohon hoto yana da takwara a sabo, amma ƙarin da ya narke ba shi da takwara. Ƙari iri biyu ne wajen motsewa. Wani yana janyewa ne tare da naman da ke kewaye da shi, kamar balan-balan da ke sacewa. Wani kuma yana zaizayewa ne a wurinsa, ya bar ƙwayoyin ciwo da hoto ba ya gani a inda yake a da. Idan aka rage filin gashi bisa sabon hoto a nau'i na biyu, za a bar ciwo a baya. Saboda haka likitoci da yawa ba sa rage filin da ya shafi asalin mazaunin ƙarin, sai inda ya ja baya daga iska, ƙashi ko fata.

A 2017 ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka ta fitar da rahoto mai lamba 132, ƙarƙashin jagorancin Kristy Brock, kan yadda za a gwada daidaita hotuna. Daga cikin gwaje-gwajen akwai zaɓen alamomin da ake ganewa a hotunan biyu a auna tazararsu bayan daidaitawa, wadda ake so ta tsaya wajen milimita 2 zuwa 3. Akwai ma'aunin Dayis, wanda ke kwatanta zanen kwamfuta da na likita: a ninka inda suka haɗu sau biyu, a raba da jimillar girmansu. Sifili na nufin ba su haɗu ba, ɗaya na nufin sun dace sarai, kuma ana neman 0.8 zuwa 0.9. Duk da waɗannan lambobi, ba a amfani da zanen da likita bai duba da idonsa ba.

Tarihi

Wilhelm Röntgen ya gano hasken hoton ƙashi a Jamus a watan Nuwamba 1895, kuma ba a daɗe ba aka fara gwada shi a kan ciwon daji. An fara gashi da injin Kobal-60 a Kanada a 1951, da linak kuma a asibitin Hammersmith na Landan a 1953. Hoton CT, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙera kuma aka fara ɗaukar majinyaci da shi a 1971, shi ya ba da damar ganin ƙari da gaɓoɓi a zurfinsu. A 1997 Di Yan da abokan aikinsa a asibitin William Beaumont na jihar Mishigan suka wallafa maƙalar da ta raɗa wa sabunta tsarin gashi suna, ta kuma bayyana shi a matsayin zagaye: a yi gashi, a auna, a gyara. Linak masu ɗauke da CBCT sun yaɗu a shekarun 2000. An fara gashi da injin da ke ɗauke da MRI a birnin Sen Luwis na Amurka a 2014.

Abin da bincike ya nuna

Amfanin kare farotid ya tabbata a gwajin PARSPORT na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2011 kan majinyata 94. Bayan shekara ɗaya, kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gashin da aka saba suna fama da bushewar baki mai tsanani, a kan kashi 38 na waɗanda aka yi wa IMRT.

Game da sabunta tsari kuwa, bincike da yawa sun nuna yana rage abin da farotid da laka ke sha a lissafi, yana kuma maido da cikakken rabon ƙarin. Sai dai gwajin ARTIX na Faransa, wanda aka wallafa a 2023 kan majinyata 132 masu ciwon tsakiyar maƙoshi, ya kwatanta sake tsari kowane mako da tsari guda, kuma bai samu bambanci a yawan yawun da majinyata ke fitarwa bayan shekara ɗaya ba. Abin da masana da yawa suka ɗauka daga wannan shi ne a zaɓi waɗanda jikinsu ya sauya sosai, kamar masu manyan kaluluwa, masu ciwon bayan hanci da waɗanda suka rame ƙwarai, maimakon a sake wa kowa tsari.

A Jigawa da arewacin Najeriya

Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ƙiyasta cewa kimanin rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi. A Najeriya an fara gashi da Kobal-60 a asibitin koyarwa na jami'ar Legas a shekarun 1970. A arewa, cibiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ta daɗe tana karɓar majinyata daga jihohi da yawa da injin Kobal-60. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Gwamnatin Kano ta gina cibiyar jinyar ciwon daji a Giginyu, an kuma buɗe wata a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina a 2025. A Nijar, cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashi a 2021. Hukumar NNRA ce ke ba da lasisin injinan gashi a Najeriya.

Mazaunin Takur ko wata unguwa a Dutse da ya ga kumburi a wuya yakan fara ne da asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni, ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Bayan an yanki tsoka an tabbatar da ciwon, sai a tura shi cibiyar gashi a wata jiha. Daga Dutse zuwa Kano ya haura kilomita 100, Zariya kuma ta fi haka nisa, don haka gashin mako bakwai yana nufin neman masauki, da mai jinya, da barin gona ko kasuwa.

Wannan yanayi yana ƙara buƙatar sabunta tsari. Yawancin majinyata a yankin suna isa asibiti ne bayan ciwon ya yi nisa, da manyan kaluluwa, waɗanda su ne suka fi motsewa a lokacin gashi. Da yawa sun riga sun rame kafin a fara. Jiran layi da lalacewar inji suna tsawaita lokaci tsakanin hoton tsari da gashi, kuma idan tsaikon ya yi yawa dole a sake hoton. A ɗaya ɓangaren, sabunta tsari yana cin lokacin likitocin gashi da masana fiziks, waɗanda ba su da yawa a ƙasar, yana kuma ƙara wa iyali kuɗin hoto da takunkumi. Tsofaffin injinan Kobal-60 ba su da CBCT, don haka inda ake aiki da su sikeli da takunkumi da idon ma'aikaci su ne ke nuna lokacin sake hoto.

Daidaita hotuna yana da wani amfani ga wanda aka turo daga nesa. Hoton CT ko MRI da aka ɗauka a Dutse ko Kano ana iya ɗora shi a kan hoton tsari a Zariya ko Katsina, likita ya ga iyakar ƙarin kafin tiyata ko kafin allurar kansa. Hakan yana yiwuwa ne idan an zo da hoton a faifai ko filashi a tsarin DICOM, wanda injinan asibiti ke karantawa. Fim ɗin da aka wanke ko hoton da aka ɗauka da waya ba ya shiga wannan lissafi.

Rage rama yana rage buƙatar sake tsari. Masana abinci a cibiyoyin gashi suna ba da shawarar abinci mai laushi da gina jiki kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, irin su kunun gyaɗa, fura da nono da aka dama sosai, madara, ƙwai da alale, tare da guje wa yaji da abinci mai zafi. Wanda haɗiya ta gagare shi akan sa masa robar abinci ta hanci ko ta ciki. Ana kuma duba haƙora a cire ruɓaɓɓu kafin a yi takunkumi da hoton tsari, domin cire haƙori bayan gashi yana iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi.